Dogon Buri da Ƙiyayya: Darasi daga Wasan Makbes

A cikin wasannin kwaikwayo na Turawa akwai wani iri wanda a ke kira wasan baƙin ciki, watau labarin babban mutum wanda ya hau, sa'an nan ya faɗi. Aristotal, masanin nan na Yunanawa, ya nuna cewa bai kamata jarumin ya zama waliyyi ba, ba kuwa tantirin mugu ba, domin mai kallo ya ji tausayinsa, ya kuma ji wa kansa tsoro. Bari mu gwada wannan a kan Makbes, wasan da Shakisfiya na Ingila ya rubuta wajen 1606.

Farkon ganinmu da Makbes barde ne, ya dawo daga yaƙi da nasara. Waɗansu matsafa mata uku suka tare shi a hanya, suka yi masa albishir da sarautar Kodo, da kuma gadon sarautar Sikotilan. Na farko ya tabbata nan da nan. To, mu lura, matsafan ba su ce masa ya kashe kowa ba. Zuciyarsa ce ta raya masa, musamman da Sarki Dankan ya naɗa ɗansa Malkam magaji, matarsa kuwa ta zuga shi. Dankan sarkinsa ne, ɗan'uwansa ne, baƙonsa ne kuma a daren nan, amma ya kashe shi yana barci. Wannan aikin buri ne.

Abin da ya biyo baya shi ya fi cancanta mu tsaya a kansa. Matsafan sun ce zuriyar abokinsa Banko za su yi sarauta. Makbes ya ga ashe ya sayar da lahirarsa ne domin 'ya'yan wani. Tsoro ya haifi hassada, hassada ta haifi gaba, ya sa aka kashe Banko, amma ɗansa ya tsere. Da Makdaf ya gudu Ingila, sai Makbes ya aika aka hallaka matarsa da 'ya'yansa. Kisan Dankan ya ba shi sarauta. Wannan kuwa bai ba shi kome ba, huce haushi ne kurum. Ga shi kuwa da shi ne ya wasa takobin da zai sare shi, gama Makdaf ɗin ne ya komo ya fille masa kai. Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Kada mu ɗauki wasan ya zama tarihi. Makbes na ainihi ya kashe Dankan a fagen fama ne cikin 1040, ya yi sarauta shekara 17, har Malkam ya kashe shi cikin 1057. Shakisfiya ya sāke labarin, ya mai da yaƙi ya zama cin amana.

In mun zo koya wa yara, kada mu ce musu son ɗaukaka laifi ne, don shi ya mai da Makbes barde. Mu tambaye su dai: a wane wuri ne ya ke da sauran ikon komawa da baya, me kuma ya hana shi?