Kiran kusa da kiran nesa

A da, talho mai waya kaɗai ake da shi a Nijar. Ana samunsa a gidan waya da ma'aikatun gwamnati. Lambarsa tana nuna garin da yake. Talhon Damagaram yana farawa da 20 51, na Maraɗi kuma da 20 41. A wancan lokaci, kiran cikin gari ya fi kiran wani gari araha.

Salula ba haka take ba. Lambarta tana da alƙaluma 8. Biyun farko suna nuna kamfani ne, ba gari ba: 96 na Airtel ne, 94 na Moov, 90 na Zamani. Mutumin Gure yana iya kiran maƙwabcinsa, ko ƙanensa da ke Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1000. In kamfaninsu ɗaya, kuɗin kiran duka ɗaya ne.

Abin da ke ƙara tsada shi ne ƙetare iyaka. Kowace ƙasa tana da lambarta: Nijar 227, Nijeriya 234, Cadi 235. Kano ta fi Yamai kusa da Gure, amma kiran Kano ya fi cin kuɗi. Mai sayen kati ya duba lamba tun bai kira ba, kada kuɗinsa su ƙare bai isar da saƙo ba.

Tambayoyi
1. Me 96 take nunawa?
2. Mece ce lambar Cadi?
3. Don me kiran Kano ya fi na Yamai tsada?