Kunya da Bayyana Kai a Ganawar Ɗaukar Aiki: Nazari Daga Limancin Kona

Gabatarwa

Limancin Kona unguwa ce ta malamai a cikin ganuwar birnin Zariya, kuma Limamin Kona yana cikin mutum biyar da suka zauna zaɓen Sarkin Zazzau a 2020, bayan rasuwar Alhaji Shehu Idris. A irin wannan unguwa, wasu ne ke faɗin darajar mutum: malaminsa ya shaidi karatunsa, maƙwabta su shaidi halinsa. Shi kuwa nasa shi ne ya sunkuyar da kai. Wannan takarda za ta duba yadda ɗan da ya tashi a wannan tarbiyya zai yi ranar da ya je ganawar ɗaukar aiki, watau intabiyu, inda ba mai magana da yawunsa.

Inda Matsalar Take

A laccarsa mai suna Mutumin Kirki, wadda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su, cikinsu har da kunya da ladabi da gaskiya. Ɗalibin zaure ya saba zama a ƙasa gaban malam, ba ya haɗa ido da shi, ba ya ɗaga murya. An kuma koya masa cewa yabon kai jahilci ne. To, amma masu ganawa, ko a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Kaduna ko a Jami'ar Ahmadu Bello, sukan fara da cewa mutum ya gabatar da kansa. Idan ya noƙe, sai a ɗauki ladabinsa a matsayin rashin sani, a ba wani aikin, alhali kuwa wata kila ya fi shi cancanta.

Mafita Daga Nahawu

Mai nazarin harshe zai lura cewa yabo da labari ba ƙirarsu ɗaya ba. Yabo yana dogara da siffa, kamar a ce, "Ni haziƙi ne." Labari kuwa yana dogara da aikatau, kamar a ce, "Na koyar da aji uku lokacin bautar ƙasa, na kuma shirya musu gasar karatu." Jumlar farko da'awa ce da ba ta da hujja. Ta biyu shaida ce da za a iya bincikawa, kuma ba ta keta kunya ba, domin faɗin abin da ya auku gaskiya ce. Saboda haka mai neman aiki ya tanadi ayyuka biyu ko uku da ya taɓa yi, ya san ina, da yaushe, da abin da suka haifar.

Sauran Shiri

Na farko, ya binciki ma'aikatar da irin aikin da ake nema. Na biyu, ya haɗa takardunsa na asali tun jajibiri: na makaranta, da na haihuwa, da na ƙaramar hukuma, da shaidar gama bautar ƙasa, shirin da aka kafa a 1973. Na uku, ya yi sammako, ya sa tufafi masu tsabta. In ya shiga ya yi gaisuwa a taƙaice, ya jira a ba shi wurin zama, ya dubi mai tambaya da sakin fuska, don labarin zuciya a tambayi fuska. In aka tambaye shi abin da bai sani ba, ya ce bai sani ba, kamar yadda malaman zaure kan ce Allah ne masani. Magana zarar bunu ce, ƙarya ɗaya kan rushe duk abin da aka gina.

Kammalawa

An ga cewa tarbiyyar zaure ta riga ta ba ɗalibi natsuwa da sauraro da gaskiya, waɗanda kowane mai ɗaukar aiki ke nema. Abin da ya rage masa shi ne ya koyi ba da shaida a kan aikinsa da bakinsa, da murya mai fita, ya bar wa masu ganawa su yanke hukunci.