TARURRUKAN MASANA DA KYAUTUTTUKAN MATASA WAJEN YAƘI DA CUTAR JIJIYOYIN MOTSI

Mece ce wannan cuta?

A cikin ƙwaƙwalwa da lakar ɗan Adam akwai waɗansu jijiyoyi waɗanda aikinsu shi ne kai umarni ga tsoka domin ta motsa. Idan suka fara mutuwa, sai hannu ko ƙafa su raunana, magana ta yi nauyi, haɗiya ta gagara, daga bisani numfashi ya tsaya. Wannan ita ce cutar jijiyoyin motsi, wadda likitoci ke kira MND ko ALS. Likitan nan na Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ne ya bayyana ta a 1869. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, amma misalin ɗaya cikin goma na masu ita gadonta suka yi. Yawancinsu sukan rasu cikin shekara 2 zuwa 5 bayan bayyanarta, kuma har yau ba a sami maganin warkewa ba.

Amfanin taruwar masana

Da yake cutar ba ta da yawa, da wuya asibiti guda ya tara majinyatan da za su isa a yi bincike mai ƙwari. Saboda haka tilas masana su haɗa kai. A 1990 likitocin jijiya na ƙasashe dabam-dabam suka taru a El Escorial, ƙasar Sifen, suka shirya ƙa'idojin gane cutar, aka buga su a 1994. Da wannan ne likita a Japan da ɗan'uwansa a Amurka suka sami ma'auni ɗaya na zaɓen waɗanda za a gwada wa magani.

A shekarar 1990 ɗin kuma Ƙungiyar MND ta Ingila, wadda aka kafa a 1979, ta fara shirya babban taron duniya na shekara-shekara. A nan ne kowa yakan baje abin da ya gano, abokan aikinsa su yi masa tambayoyi, a tace gaskiya daga zato, kuma a guje wa maimaita aikin da wani ya riga ya yi.

Dalilin girmama matasa

Binciken irin wannan cuta yana cin shekaru da kuɗi, matashin da ya gama karatun digirin dakta kuwa yakan rasa mai ɗaukar nauyinsa, har ya koma wani fanni. Domin a riƙe irin waɗannan aka kafa kyaututtuka kamar haka:

1. Kyautar Paulo Gontijo ta ƙasar Birazil, wadda aka sha miƙawa a babban taron duniya.
2. Kyautar matashin mai bincike ta ƙungiyar ENCALS ta Turai.
3. Tallafin Milton Safenowitz na Ƙungiyar ALS ta Amurka.

Abin da aka samu

A 1993 aka gano cewa ɓacin ƙwayar gado mai suna SOD1 yana haddasa cutar a waɗansu zuriya. A 1995 Amurka ta amince da maganin riluzole, mai ƙara wa majinyaci 'yan watanni. A 2011 aka gano ƙwayar C9orf72. Sai a 2023 aka amince da tofersen domin masu ɓacin SOD1, watau shekara 30 bayan gano ƙwayar. Wannan tazara ta nuna cewa wanda ya shuka ba lalle ne shi zai girbe ba, dole a sami magada.

Kira ga matasanmu

Nijeriya ma ta sa hannu tun da wuri. A 1974 Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan da abokan aikinsa suka buga bincike a kan majinyata 92. Ya kamata ɗalibanmu na aikin likita su bi wannan sawu, su riƙa ajiye bayanan majinyata da kyau, su nemi shiga waɗannan tarurruka. Jama'a kuma, duk wanda ya ga rauni yana ƙaruwa a gaɓoɓinsa, ya hanzarta zuwa asibiti.