Bargon Ƙyallaye: Darasi Daga Matan Gee's Bend

Nassin karantawa: Ayyukan Manzanni 9:36-42

Manufar darasi: Iyali su san yadda ake haɗa bargo da ƙyallaye, su kuma yi nazari a kan darajar aikin hannu da hakkin mai yinsa.

Gabatarwa

A kowane gida akwai rigar da ta gaji, da zanen da ya koɗe, da wandon da gwiwarsa ta huje. A shagon kowane tela kuma akwai tarin ƙyallayen da almakashi ya zubar, waɗanda sau da yawa shara ce makomarsu. Amma akwai wani ƙauye a kudancin Amurka inda mata suka yi fiye da shekara 100 suna tara irin wannan tsumma suna mai da shi bargo, uwa tana koya wa 'yarta, 'yar kuma tana koya wa tata. Sun fara ne domin su tsare 'ya'yansu daga sanyi. Daga baya barguna nasu suka shiga manyan gidajen nunin zane-zane na ƙasar. Sunan ƙauyen Gee's Bend, kuma tarihinsa shi ne tushen wannan darasi.

Mene ne bargon ƙyallaye?

Bargon ƙyallaye hawa uku ne. Hawa na sama shi ne fuska, wadda ake samu ta wurin harhaɗa ƙananan ƙyallaye da ɗinki har su zama yadi ɗaya mai faɗi. Hawa na tsakiya shi ne ciki, wato auduga ko wani tsohon bargo, kuma shi ne yake riƙe ɗumi. Hawa na ƙasa shi ne shafi. Bayan an shimfiɗa su ɗaya bisa ɗaya, sai a bi da allura da zare ana huda dukan ukun, layi bayan layi, domin kada audugar ta dunƙule a wuri ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin lifidin da ake sa wa dawaki a ranar hawa ya riga ya ga wannan dabara, gama shi ma auduga ce a tsakanin yadi biyu da ɗinki ya kama.

Ƙauyen da kogi ya kewaye

Gee's Bend yana cikin gundumar Wilcox a jihar Alabama, a inda Kogin Alabama ya lanƙwasa ya kewaye ƙasar ta gefe uku. A shekara ta 1816 wani mutum mai suna Joseph Gee ya kafa gandun auduga a wurin, bayi suna noma masa. A 1845 gandun ya koma hannun Mark Pettway, wanda ya taso daga jihar Karolina ta Arewa da bayi kimanin 100, yawancinsu a ƙafa. Shi ya sa har yau gidaje da yawa a ƙauyen suna amsa sunan Pettway. Da aka soke bauta a 1865, yawancin mutanen ba su tashi ba. Suka ci gaba da noman ƙasar bisa haya, suna karɓar iri da abinci bashi, suna biya da amfanin gona.

Wannan bashi ya kusa hallaka su. Farashin auduga ya faɗi ƙwarai a farkon shekarun 1930. A 1932, bayan mutuwar ɗan kasuwan garin Camden da yake ba su bashi, magadansa suka aiko aka kwashe dabbobi, da kayan noma, da abincin da ke rumbu. Ƙungiyar Red Cross ce ta ciyar da ƙauyen a wannan hunturu. Daga baya gwamnatin tarayya ta sayi ƙasar, ta kuma sayar wa manoman a shekarun 1940.

Gidajensu na katako ne, iska tana shiga ta tsaguwa, har sukan liƙa tsofaffin jaridu a bango domin su tare ta. A irin wannan gida bargo ba ado ba ne. Uwa mai 'ya'ya da yawa tana bukatar barguna da yawa, ba ta kuwa da kuɗin yadi. Saboda haka ta juya ga abin da ke hannunta: wandunan aikin gona, da tsofaffin riguna, da buhunan fulawa da na taki, da ragowar auduga daga injin gurza.

Yadda suke aikin

Mace takan harhaɗa fuskar bargonta ita kaɗai, yawanci da dare ko a lokacin da aikin gona ya yi sauƙi. Amma idan lokacin kama hawa ukun ya yi, sai maƙwabta da dangi su taru, a miƙe bargon a kan katako, kowace ta ɗauki gefenta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suna ɗinki suna raira waƙoƙin da suke rairawa a majami'a, 'yan mata ƙanana kuma suna zura musu zare a allura, har ranar da za a ba su gefen nasu.

Akwai tsari biyu da suka fi so. Ɗaya suna kiransa da sunan rufin ɗaki: a sa ƙyalle mai kusurwa huɗu a tsakiya, a kewaye shi da dogayen ƙyallaye, a sake kewayewa, har bargon ya cika. Na biyun kuwa yana kama da jerin tubalin magini. Sai dai ba su ɗaure kansu ga ma'auni ba. Idan shuɗin ƙyalle ya ƙare, sai a ci gaba da ja. Idan layi ya karkace, sai a bi shi yadda ya tafi. Don haka ba a samun barguna biyu iri ɗaya, mutanen ƙauyen kuma sukan gane hannun kowace mace daga nesa.

Wata mace mai suna Missouri Pettway ta rasa mijinta, Nathaniel, bayan doguwar jinya. Ta ɗauki kayan da yake sawa zuwa gona, 'yarta Arlonzia ta taimake ta farke su, ta haɗa bargo da su domin ta riƙa rufa tana tunawa da shi. Bargon yana nan har yanzu, ana kuma ganin wuraren da gwiwa ta cinye yadin. Wannan ya nuna cewa ƙyalle yana ɗauke da tarihin wanda ya sa shi, abin da sabon yadi daga kanti ba shi da shi.

Lokacin da bargo ya zama abinci

A shekarun 1960 baƙaƙen fata na Alabama suna fafutukar samun 'yancin jefa ƙuri'a. Mutanen Gee's Bend sukan haye kogi da jirgin fito zuwa Camden domin su yi rajista. A 1962 aka dakatar da jirgin, tafiyar 'yan mintoci ta koma ta kusan awa ɗaya a mota, ba a kuwa maido da shi ba sai a 2006. A 1965 Rabaran Martin Luther King ya zo ƙauyen ya yi wa'azi. Mutane da dama a yankin da suka shiga fafutukar sun rasa aikinsu ko gonar da suke haya.

A ƙarshen wannan shekara wani firist na Ikkilisiyar Episkofal, Francis Walter, yana wucewa a mota ya ga barguna a shanye a kan igiya. Ya fara sayensu a kan dala 10 kowane ɗaya, aka kai su birnin New York aka yi gwanjonsu, aka dawo wa matan da ribar. A watan Maris na 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna Freedom Quilting Bee, Estelle Witherspoon ta zama mai lura da ita. Manyan kantuna suka ba su kwangila. A 1972 kamfanin Sears ya ba su aikin ɗinka rigunan matashin kai da wani yadi mai kauri mai layi-layi kamar kunyoyin gona, ragowar yadin kuma matan suka kai gida suka yi barguna da shi.

Kuɗin ƙungiyar ya gyara gidaje, ya kuma kai yara makaranta. Amma kasuwa tana da nata sharaɗi: kanti yana son kowane bargo ya yi daidai da ɗan'uwansa, girma ɗaya, tsari ɗaya. Waɗansu gwanaye ba su ji daɗin wannan ba. Da rana suna ɗinka abin da mai saye yake so, da dare suna ɗinka abin da ransu yake so.

Suna ya fita, amma wa ya ci riba?

A ƙarshen shekarun 1990 wani mai tara kayan fasaha, William Arnett, ya ga hoton bargon Annie Mae Young a cikin wani littafi, ya nemi ƙauyen, ya sayi tsofaffin barguna masu yawa. A 2002 aka nuna kimanin 70 daga cikinsu a gidan nunin zane-zane na birnin Houston, sa'an nan a gidan Whitney na New York. Masana suka jera su da ayyukan manyan masu zane na zamani. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan barguna 10 a kan kan sarki. A 2015 gwamnatin ƙasar ta ba Mary Lee Bendolph, da Lucy Mingo, da Loretta Pettway lambar girmamawa mafi girma da take ba masu sana'ar gargajiya.

Duk da haka, a shekarun da barguna suke yawo daga birni zuwa birni, gundumar Wilcox tana cikin mafi talauci a Alabama. Hotunan barguna sun hau kan darduma da waɗansu kayan sayarwa. A 2007 waɗansu daga cikin matan suka kai ƙara kotu, suna cewa ba a biya su yadda ya kamata ba, aka kuwa rufe shari'ar a 2008. Waɗansu matan ƙauyen sun tsaya a bayan waɗanda aka yi ƙara, suna cewa ta wurinsu ne duniya ta san aikinsu. Ko yaya aka duba batun, abu ɗaya ya fito fili: yabo ba ya biyan kuɗin makaranta, kuma mai sana'ar da ba ta san darajar aikinta ba, wani ne zai yanka mata farashi.

Abin da nassi ya nuna

A garin Yafa akwai wata almajira mai suna Tabita, wato Dokas. Sa'ad da ta mutu, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka. Littafi Mai Tsarki bai rubuta ko kalma ɗaya da ta faɗa ba. Aikin allurarta ne ya ba da shaida a kanta. Haka yake ga matan Gee's Bend, waɗanda yawancinsu ba su yi nisa a makaranta ba, amma abin da hannuwansu suka bari ya isa shaida. Iyalin da ya rena allura da zare, ko ya matse mai ɗinki a farashi domin ya ga tana cikin bukata, bai fahimci abin da gwaurayen Yafa suke nunawa ba.

Yadda iyali zai gwada

1. A tara tsofaffin tufafi da ƙyallayen tela, a wanke su, a goge. A ware masu zubar da launi. Kada a haɗa yadi mai talewa da marar talewa.

2. A yanka kwali mai inci 5 a kowane gefe, a yi amfani da shi wajen yanka ƙyallaye 216.

3. A jera su a ƙasa, 12 a faɗi, 18 a tsawo, har tsarin ya yi wa ido daɗi.

4. A haɗa su layi-layi, ana barin rabin inci a kowane baki, sa'an nan a haɗa layukan. Fuskar za ta kai kimanin inci 48 da inci 72. A goge bakunan ɗinkin su kwanta.

5. A shimfiɗa shafi, a ɗora tsohon bargo ko zane mai kauri, a ɗora fuskar. A kama su da manyan ɗinki na wucin gadi.

6. A fara ɗinkin kamawa daga tsakiya zuwa baki, domin kada yadin ya tattare. Kada tazarar layi da layi ta wuce inci 3.

7. A naɗo bakin shafin a kan fuskar, a kalmashe shi kewaye.

Idan za a sayar, a lissafta kuɗin zare da shafi, a kuma lissafta kwanakin da aikin ya ci, kafin a faɗi farashi. Mai ɗinkin ta sa sunanta da shekarar a bayan bargon.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa gwaurayen Yafa suka nuna wa Bitrus riguna maimakon su ba shi labari kawai?

2. Wace sana'ar hannu ce kakanni suka iya a wannan gida wadda yara ba su koya ba? Wa zai koya musu, kuma yaushe?

3. Idan mai saye ya san kaya sun fi kuɗin da mai su ta faɗa, mene ne ya wajaba a kansa?

4. Wane ne a unguwa zai shiga hunturun bana ba tare da abin rufa ba?

Kammalawa

Matan Gee's Bend ba su jira sabon yadi kafin su fara ba, ba su kuma bar sana'ar ta tsaya a hannun mutum ɗaya ba. Wata uku sun isa iyali ya gama bargo ɗaya, idan uba ya yanka, uwa ta haɗa, yara suka zura zare. Sa'ad da aka gama, sai iyali su zauna su yanke shawara a kan gidan da za a kai shi.