Zafin Birki da Robobin Motar Tsere

Mai kai motarsa filin tsere irin Nürburgring na Jamus ya sani, faifan birki kan wuce digiri 500, har ya yi ja wur. Robobin da ke kusa da shi su ke fara shan wuya. Robar bol-joyin takan tsage giris ya tsiyaye, wayar ABS ta narke. Murfin tsakiyar wili kuwa, gara a cire shi tun a gida.

A naɗe wayoyin da tef mai kare zafi, a jawo wa faifan iska da bututu. Kafin a tsaya, a yi zagaye ɗaya a hankali domin birkin ya huce. Kada a ja birkin hannu da zafinsa. A sa giya, a tokare taya da katako.