Shaidar Ƙanƙara Da Hukuncin Ɓangaranci

Ɗaliban fikihu sun daɗe da sanin ƙuryar arewacin duniya ta wata ƙofa guda, watau mas'alar mutumin da yake zaune inda rana takan yi makonni ba ta faɗi ba, sa'an nan ta yi wasu makonnin ba ta fito ba: ta yaya zai ƙididdige sallolinsa biyar, kuma yaushe zai sha ruwa in ya ɗauki azumi? Mas'alar ba ta tsaya a takarda ba, domin akwai masallaci a garin Norilsk na ƙasar Rasha tun 1998, akwai kuma wani a Inuvik ta Kanada, wanda aka ƙera a birnin Winnipeg aka ɗauko shi ɗungurungum bisa mota da jirgin ruwa, tafiyar kilomita wajen 4,000, ya isa a 2010. Garuruwan nan biyu suna zaune ne a kan ƙasa wadda ta yi dubban shekaru a daskare, ana kafa gini bisa ginshiƙai da aka soka cikinta tamkar an kafa shi bisa dutse. To, ƙasar nan ta soma narkewa, har gidaje masu yawa a Norilsk sun tsattsage. Darasin wannan mako ya shafi wannan yanki, amma ta ƙofar wani babi dabam, watau babin shaida: yadda labari yake tabbata, da abin da yake hana mutum karɓarsa bayan ya tabbata.

Da farko sai a san abin da aka auna. Tsakiyar ƙuryar arewa teku ce wadda ƙanƙara ta rufe, ƙasashe kuma suka kewaye ta. Ƙanƙarar takan yaɗu da hunturu, ta tsuke da lokacin zafi, ta kai matuƙar ƙanƙantarta a watan Satumba. Tun daga 1979 taurarin ɗan'adam suke auna faɗinta ba fashi. A shekarun 1980 abin da yakan rage a Satumba wajen murabba'in kilomita miliyan 7 ne; a Satumbar 2012 sai ya sauko zuwa wajen miliyan 3.4, watau rabi ya tafi ke nan. A 2022 masana na hukumar yanayi ta ƙasar Finlan suka nuna cewa daga 1979 zuwa 2021 ɗumamar yankin ta kusa ninka ta sauran duniya har sau huɗu. Ran 20 ga Yuni, 2020, ma'aunin zafi ya kai digiri 38 a Verkhoyansk ta Saberiya, garin da ba a san shi da komai ba sai tsananin sanyi. A watan Agusta na 2021 kuma aka yi ruwan sama a ƙololuwar tudun ƙanƙarar Girinlan, mita fiye da 3,000 bisa teku, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka kafa tashar bincike a wurin.

Duk wanda ya taɓa sa baƙar riga da tsakar rana ya san dalilin wannan gaggawa. Farar ƙanƙara takan mayar da mafi yawan hasken rana sama, ruwan teku kuwa duhu gare shi, yakan shanye fiye da kashi 90 daga cikin ɗari. In ƙanƙara ta narke sai ruwan ya bayyana, ya sha zafi, ya narkar da wadda take kusa, haka abin yake ta ciyar da kansa. Asalin zafin kuwa iskar kabon ce da ke fita daga ƙona kwal da man fetur da gas, wadda take riƙe ɗumi a sararin sama kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu tana wajen kashi 280 cikin miliyan. Da Charles Keeling ya fara auna ta a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 ya same ta wajen 315. Yanzu ta haura 420. Ƙanƙarar da ke yawo bisa teku narkewarta ba ta ƙara wa teku wata cika, kamar dai ƙanƙarar da ta narke cikin kofin ruwa. Wadda take bisa tudu, a Girinlan da kuma Antatika can ƙuryar kudu, ita ce abin tsoro ga Iskandariyya da Jakarta da Legas da gaɓar Bangaladesh. Tun 2002 Girinlan kaɗai tana asarar tan biliyan wajen 270 kowace shekara.

Malaman usulu sun ware wani nau'i na labari suka kira shi mutawatiri, watau wanda jama'a mai yawa suka ruwaito, ta hanyoyi dabam-dabam, game da abin da aka gani ko aka ji, har ya zama hankali ba zai yarda sun haɗa baki a kan ƙarya ba. Awon ƙanƙara ba hukuncin shari'a ba ne, amma in aka ɗora shi bisa wannan sikeli sai a ga ya yi nauyi. Amurka ta auna, ƙasashen Turai sun auna, Japan da Rasha da Sin sun auna, alhali kuwa waɗansunsu ba sa ga maciji da juna. Maharban ƙabilar Inuit, waɗanda ba ruwansu da tauraron ɗan'adam, sun shaida cewa ƙanƙarar da kakanninsu suke takawa ta daina ɗaukar mutum a lokacin da aka saba. Bugu da ƙari, tun a 1896 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafi da alƙalami da takarda ya nuna cewa in iskar kabon ta ƙaru duniya za ta ɗumama, kuma ƙasashen da ke kusa da ƙuryar duniya za su fi ɗumama. Ba a haifi ko ɗaya daga cikin 'yan siyasar da ke gardama a yau ba sa'ad da aka yi wannan lissafi.

Duk da haka, a Amurka al'amarin ya zama tutar jam'iyya. Ba kuwa haka ya fara ba. Richard Nixon, ɗan jam'iyyar Rifablikan, shi ya kafa hukumar kare muhalli ta ƙasar a 1970. George Bush babba, shi ma ɗan Rifablikan, shi ya sa hannu a yarjejeniyar yanayi ta birnin Rio a 1992. A Ingila, Margaret Thatcher, shugabar masu ra'ayin riƙau, ta tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989 ta yi gargaɗi a kan ɗumamar duniya. Ɓaraka ta soma ne da aka zo maganar wa zai biya. A 1997, kafin taron Kyoto, majalisar dattawan Amurka ta zartar, da ƙuri'a 95 ba ko ɗaya mai hamayya, cewa ba za ta karɓi yarjejeniyar da ta ɗaure Amurka ta ƙyale ƙasashe masu tasowa ba. A 2001 George Bush ƙarami ya juya wa Kyoto baya. A 2006 Al Gore, tsohon mataimakin shugaban ƙasa daga jam'iyyar Dimokurat, ya fito da fim a kan batun, daga nan mutane da yawa suka riƙa ganin fuskar jam'iyya ɗaya duk sa'ad da aka ambaci narkewar ƙanƙara. Yarjejeniyar Paris ta 2015 kuwa ta zama kamar ƙofar zaure: Barack Obama ya shigar da ƙasar, Donald Trump ya sanar da fita a 2017, Joe Biden ya komar da ita a 2021, Trump ya sake ba da umarnin fita a Janairun 2025. Cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta Pew ta samu, a 2022, cewa kashi 78 na 'yan Dimokurat suna ɗaukar sauyin yanayi babbar barazana ga ƙasarsu, 'yan Rifablikan kuwa kashi 23 kacal.

Lawrence Hamilton, malamin ilmin zamantakewa a Jami'ar New Hampshire, ya shafe shekaru yana yi wa Amurkawa tambayoyi game da ƙuryar duniya, ya gano abin da ya cancanci a tsaya a kansa. In an tambayi mutum ko tsakiyar ƙuryar arewa teku ce ko tudu, amsarsa takan bi iliminsa, wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba ya yi kure, ba ruwan jam'iyya. In kuwa aka tambaye shi ko ƙanƙarar ta ragu cikin shekarun nan, sai amsar ta bi jam'iyyarsa, alhali ita ma tambaya ce ta awo kamar ta farko. Waɗanda ba su da jam'iyya kuma sai ya iske ra'ayinsu yana bin yanayin ranar da aka tambaye su: in an tashi da zafin da ba a saba ba su gaskata, in an tashi da sanyi su yi shakka. Dan Kahan na Jami'ar Yale da abokan aikinsa sun ƙara wani abu a 2012 wanda ya fi wannan ɗaci, watau cewa mafi sanin kimiyya da lissafi a ɓangarorin biyu su ne suka fi nisa da juna. Ashe ilmi bai raba gardamar ba, sai ma ya zama makamin da kowa yake kare abin da ƙungiyarsa ta riga ta ɗauka.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne ga malaman Musulunci. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa wadda ya rubuta a 1377, da ya zo lissafa dalilan da ke sa ƙarya ta shiga labari, ɓangaranci ga ra'ayi ko mazhaba ya sa a farko, domin mai ɓangaranci ba ya tsayawa ya bincika labarin da ya yi wa ransa daɗi. Shi ya sa alƙalai ba sa karɓar shaidar wanda yake da amfani cikin shari'ar. A nan kuwa masu amfani suna da yawa. Masanan kamfanin mai na Exxon sun yi nasu lissafin tun ƙarshen shekarun 1970, kuma wani nazari da aka buga a 2023 ya nuna hasashensu ya yi daidai da ɗumamar da ta auku. Amma kamfanin ya yi shekaru yana cikin masu sa wa jama'a shakka. Talaka mai haƙar kwal a jihar West Virginia kuwa uzurinsa ya fi na kamfani, domin abincin iyalinsa ake magana. Shi maganin yake tsoro, watau rufe mahaƙa da ƙarin haraji, sai tsoron maganin ya kai shi ga musun cutar. A watan Fabrairu na 2015 Sanata James Inhofe na jihar Oklahoma ya shiga zauren majalisa da dunƙulen dusar ƙanƙara a hannu domin ya nuna ana sanyi a waje, kamar wanda ya ga an yi mamakon ruwa a unguwarsu ya ce ƙarya ne ba a fari a ƙasar.

Adalci bai yarda a ƙyale ɗaya ɓangaren ba. A taron Kopenhagen na 2009 Al Gore ya ambaci wani hasashe cewa ƙanƙarar lokacin zafi tana iya ƙarewa cikin shekara biyar zuwa bakwai. Shekarun suka wuce ƙanƙara tana nan, masu musu suka sami abin nunawa har yau. Wanda ya ƙara wa gaskiya gishiri domin ya tsorata mutane ya ɓata shaidarsa da hannunsa, ya kuma jawo wa masu gaskiya tuhuma. Saɓani a kan magani, ko haraji ne, ko makamashin nukiliya, ko wace ƙasa za ta fara ragewa, saɓani ne halattacce wanda masu hankali suke yi. Faɗin ƙanƙara a watan Satumba kuwa ba a kaɗa masa ƙuri'a.

Kada mai karatu ya zaci ciwon na Amurkawa ne kaɗai. A watan Agusta na 2015 malamai da masana Musulmi suka taru a Istanbul suka fitar da sanarwa mai kira da a rage dogaro da man fetur da kwal. Amma ƙasashen Musulmi masu arzikin mai, Saudiyya a gaba, sun sha ja da irin wannan lafazi a tarukan duniya, kuma taron Dubai na 2023 shugaban kamfanin man Abu Dhabi ne ya jagorance shi, ko da yake a nan ne aka fara rubuta kiran a soma janyewa daga waɗannan makamashi. Shekara ɗaya ba ta cika ba aka yi aikin Hajjin 2024 cikin zafin da ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mahajjata fiye da 1,300 sun rasu.

Abin da hukumomi suke aikatawa ya fi abin da suke faɗa bayyana imaninsu. A watan Mayu na 2019, a garin Rovaniemi na Finlan, ƙasashe takwas na majalisar yankin ƙuryar arewa suka tashi taro ba tare da sanarwar haɗin gwiwa ba, karo na farko a tarihin majalisar, domin Amurka ta ƙi a ambaci sauyin yanayi. A wannan gari dai, sakataren harkokin wajenta Mike Pompeo ya yi jawabi yana murnar cewa raguwar ƙanƙara tana buɗe sababbin hanyoyin ciniki a teku. Rasha ta dasa tutarta a ƙarƙashin tekun tun 2007, tana kuma gina jiragen fasa ƙanƙara domin hanyar ruwa da ke bin gaɓarta ta arewa. Jihar Alaska ba ta zaɓi ɗan takarar shugaban ƙasa na Dimokurat ba tun 1964, kuma tun 1982 take raba wa mazaunanta kuɗi kowace shekara daga asusun ribar mai. A wannan jiha ce mutanen ƙauyen Shishmaref suka kaɗa ƙuri'a a 2016 cewa za su tashi daga tsibirinsu, domin ƙanƙarar da take tare musu igiyar ruwa ta daina zuwa da wuri. Mutanen Newtok kuwa, da kogi ya cinye gaɓarsu bayan ƙasar ta narke, sun soma kwashe kayansu a 2019 zuwa wani sabon gari bisa tudu mai suna Mertarvik.