Ku Kai Yara a Duba Idonsu

Jama'ar birnin Zazzau, ku lura. Yaro ba ya faɗin cewa idonsa ɗaya ba ya gani, gama a tsammaninsa haka kowa yake. To, in ɗalibai masu koyon aikin likita suka zo unguwarku duban idon yara, ku fito da naku. Ba allura, ba zafi. Yaro zai tsaya ƙafa 20 daga allo, a rufe masa ido ɗaya, ya nuna inda alama ta fuskanta.

Mai harara-garke kada ya wuce shekara 7 ba a duba shi ba. Bayan nan gyara sai da wuya. Wanda kuwa aka ga fari a tsakiyar baƙin idonsa, kada a tsaya sa masa kwalli, a kai shi asibitin Shika ran nan.